Bitar hana mutum kashe kansa: yadda na shiga, abin da aka koya mana, da abin da na tarar bayan na dawo

Tun da na dawo daga bitar nan ta koya wa ma'aikatan lafiya yadda za su tari mutum kafin ya kashe kansa, babu makon da zai wuce ba a tsayar da ni a barandar asibiti ba. Sista, ya aka yi kika samu shiga? Nawa kika biya? Satifiket ɗin zai yi amfani wajen sabunta lasisi? Na gaji da amsawa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna na rubuta komai daga farko, don wanda zai je bayana kada ya sha zirga-zirgar da na sha. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin gwamnati a cikin birnin Kano, shekarata goma sha ɗaya ina aiki, yawancinsu a ɗakin agajin gaggawa. Abin da ya sa na nace sai na je kuwa wata yarinya ce da aka kawo mana cikin dare shekaru da suka wuce, ba ta fi shekara goma sha bakwai ba, ta sha abin da ta sha. Muka yi ta fama har Allah Ya tashi kafaɗunta. A fayil aka rubuta wai kuskure ne, kowa kuma ya san ba kuskure ba ne. Da za a sallame ta, abin da na iya ce mata shi ne, "Ki ji tsoron Allah, kada ki ƙara." Ta ɗaga kai ta dube ni, ta mayar ta sunkuyar. Har yau ban san inda take ba.

Sanarwar ta fito ne a zaurenmu na WhatsApp cikin watan Agusta. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta shirya tare da wasu likitocin ƙwaƙwalwa, kwana uku, a makon 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don yaƙi da wannan matsala. Kuskurena na farko shi ne na cike fom ɗin intanet a wayata na miƙe ƙafa, ina ganin na gama. Sai da kwana goma suka wuce shiru na kira lambar da ke jikin sanarwar, aka ce mini mutum biyu kawai ake ɗauka daga kowane asibiti, kuma sai da wasiƙar shugaban asibitin mai ɗauke da hatimi. Na ruga wajen shugabar ma'aikatan jinya, ta ce ba ta nan ake farawa ba, in rubuta takardar neman izini ta bi ta hannun in-caj ɗin ɗakinmu tukuna. In-caj ta ce ba za ta sa hannu ba sai na kawo wadda za ta riƙe mini aikin daren da ya faɗo cikin kwanakin, kuma maganar gaskiya tana da hujja, mu huɗu ne muke juya dare. Wata ƙawata ta yarda muka yi musaya, na biya ta da dare biyu daga baya. Takardar ta je ofishin shugaba ta kwana biyar a kan teburin sakatare, kullum sai a ce oga yana taro. Ranar da ta fito saura kwana biyu a rufe karɓa. Don haka duk mai so, ranar da ya ga sanarwa ya fara da musayar aiki da wasiƙa, fom ɗin intanet minti biyar ne.

Abin da aka nema a ranar rajista: wasiƙar nan ta asali, kwafin lasisin aiki, kwafin katin shaidar ma'aikaci, da ƙananan hotuna biyu. Ba a karɓi ko sisi ba a matsayin kuɗin shiga. Abin da na kashe bai wuce na hoto da kwafin takardu da adaidaita sahu ba, sai data, domin mako guda kafin a fara an turo mana littafin da za a yi aiki da shi. Littafin mhGAP ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara don ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, irinmu. Shirin ya fara a 2008, littafin ya fito a 2010, aka sabunta shi a 2016. Ban karanta ba, na ce ai za a yi bayani. Na yi nadama, domin babin cutar da kai da kashe kai shafuka kaɗan ne, waɗanda suka karanta kuma tun ranar farko an ga bambanci. Wani ɗan'uwanmu da lasisinsa ya ƙare sai da ya yi ta roƙo a bakin ƙofa, daga ƙarshe aka bar shi da sharaɗin ba za a ba shi satifiket ba sai ya kawo shaidar ya biya kuɗin sabuntawa.

An ce ƙarfe takwas, na isa takwas saura kwata bayan ruwan da aka kwana ana yi ya cika hanya, ba a fara ba sai wajen goma. Mu kusan arba'in ne: nas-nas, ungozomomi, ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitocin unguwanni, likitoci kaɗan, da masu ba da magani biyu. Aka fara da gajeriyar jarrabawa ta gwaji, tambaya ashirin, eh ko a'a. Kada wannan ta tayar wa kowa da hankali, ba a korar mutum a kanta, so ake a ga abin da ka zo da shi. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce, shin tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa tana iya sa masa tunanin a rai? Na zaɓi eh ba tare da ko ɗar ba. Da likitar da ke jagorantar bitar ta ce a ɗaga hannu, fiye da rabinmu haka muka zaɓa. Ta ce bincike ya daɗe da nuna ba haka ba ne, tambaya ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji don an samu wanda ya lura. Sannan ta kawo alƙaluma: sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, fiye da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ta hanyar maganin ƙwari ne. Mu da muke ɗauka abin na Turawa ne sai jikinmu ya yi sanyi, duk da kowannenmu in ya yi wa kansa adalci ya san ya taɓa karɓar irin wannan mara lafiya.

Bayan azahar aka shiga maganar doka, nan ne na gane dalilin da ya sa muke rubuta "kuskure" a fayil. A lokacin da muka yi bitar, sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa yana ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi ne, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara ɗaya ko tara, a Kudu kuma sashe na 327 na Criminal Code. Iyali na tsoron 'yan sanda, suna tsoron bakin unguwa, mu ma muna taya su rufawa. An yi mana bayanin sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, da kuma kiraye-kirayen da ake ta yi na a cire yunƙurin daga jerin laifuka kamar yadda Ghana ta yi a 2023. Abin da likitar ta jaddada shi ne aikinmu magani ne da riƙe sirri, kuma in muka ɓoye gaskiya a fayil, wanda zai ga mara lafiyar bayanmu ba zai san cewa ta taɓa gwadawa ba, alhali wanda ya taɓa gwadawa shi ya fi kowa shiga haɗarin sake yi.

Daga nan muhawara ta ɓarke. Wani dattijo cikinmu, wanda ya kusa ritaya, ya miƙe ya ce shi bai ga abin da za a koya masa ba, Musulmi ya san haramun ne, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana, in ka tuna masa shi ke nan. Aka yi ta hayaniya. Wani matashin likita ya ba shi amsar da ta zauna mini. Ya ce Baba, ayar gaskiya ce, amma a ƙarasa ta, ƙarshenta cewa ta yi Allah Mai jinƙai ne a gare ku. Ya kuma kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru, ya yi rashin lafiya a Madina, ya kasa jurewa ya ji wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, Annabi (SAW) kuma ya roƙa masa gafara. Ya ce wanda ya zo gabanka a wannan hali ya riga ya san haramun ne, sanin ne ma ya hana shi faɗa wa kowa, in ka tare shi da wuta ka ƙara masa dalilin yin shiru. Ba a ce a ajiye addini gefe ba, imani na cikin manyan abubuwan da ke riƙe mutum, amma lokacinsa bayan ka gama saurare ne, kuma ta ƙofar rahama. Dattijon bai ce ya yarda ba, amma washegari shi ya riga kowa zuwa.

Rana ta biyu ita ce bitar, sauran duk rakiya ne. Aka raba mu uku-uku: ɗaya mara lafiya, ɗaya ma'aikaci, ɗaya mai lura. Kafin a fara sai da muka ɓata kusan awa guda a kan yadda za a yi tambayar da Hausa, domin littafin da Turanci yake. Wani ya ce "kisan kai", aka ce a'a, Bahaushe in ya ji kisan kai wani aka kashe. Wata ta ce a ce "kina tunanin yin wani abu marar kyau?", likitar ta ce wannan kewaye-kewaye ne, mutum zai ce a'a ya wuce. Muka tsaya a kan a hau tambayar kamar tsani. Yaya barci? Yaya cin abinci? Damuwar nan takan kai ki ji kin gaji da rayuwa? Kin taɓa jin gara a ce ba kya raye? Sannan kai tsaye: tunanin ki kashe kanki ya taɓa zuwa miki? In ta ce eh, a ci gaba: cikin watan nan ne? Kin tsara yadda za ki yi? Abin yana kusa da ke? Kin taɓa gwadawa, musamman cikin shekarar nan? Muka kuma jera kalmomin da mutanenmu ke zuwa da su, don ba wanda zai zo ya ce yana da ciwon damuwa. Cewa za a yi ƙirjina ya yi nauyi, kaina na ɗaukar zafi, zuciyata na tafasa, abu na yawo a jikina, olsa ta ƙi jin magani. Wasu kuma sai su ce gara in mutu in huta, ko na zame wa kowa kaya, ko mutum lafiya lau ya fara bin dangi yana neman yafiya yana rabar da kayansa.

Da aka zo kaina, wata ungozoma ce ta zama mara lafiyar, kuma ta iya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Sista, ni dai na gaji da duniyar nan." Kafin in ankara bakina ya riga ni: "Haba, ki yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa." Likitar tana tsaye a bayana ban sani ba. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Me ta ce miki?" Na maimaita. "Ke kuma me kika tambaye ta?" Na yi shiru, domin ban tambaye ta komai ba. Ta ce in sake. Na sake har sau uku kafin kalmar "kashe kanki" ta iya fita daga bakina, kuma ko a na ukun muryata rawa take. Wasa ne fa, na san matar, mun ci abinci tare, amma tafin hannuna ya jiƙe. Abu na biyu da ya ba ni wuya shi ne shiru. An ce bayan ka yi tambayar ka rufe bakinka ka jira, ko da zai kai minti guda. Mu da muka saba da layin mutum sittin a waje, minti guda na shiru kamar shekara ne. Mun kuma gwada yadda za a fitar da ɗan rakiya ba tare da an ɓata masa rai ba, tunda mace ba za ta faɗi wannan a gaban mijinta ko uwar mijinta ba. Abin da ya fi aiki shi ne, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri zan duba ta," domin kowa ya san dubawa tana buƙatar sirri. Akwai wadda ta fashe da kuka a tsakiyar gwajin ta fita, ashe ƙaninta ta rasa ta haka. Masu shiryawa sun tanadi wanda zai zauna da irinta, don haka in kana da naka tabon, ka sanar da su tun farko.

Rana ta uku aka yi abin da ke biyo bayan eh. In haɗarin na kusa ne, wato akwai tunani ko shiri yanzu, ba a barin mutum shi kaɗai ko na minti ɗaya, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kira likita, a nemi ƙwararren ƙwaƙwalwa. A nemo wanda shi mara lafiyar ya yarda da shi cikin dangi, ba wanda mu muka ga ya dace ba. A sa iyali su fitar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gida, domin sau da yawa matsanancin halin na ɗan lokaci ne, in abin ba ya kusa sai guguwar ta wuce. An kawo misalin Siri Lanka, inda hana sayar da magungunan ƙwari mafi haɗari ya rage yawan masu mutuwa ta haka ƙwarai, da matakin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ɗauka a 2019 na taƙaita sayar da wani maganin ƙwari a kasuwanni. Muka koyi rubuta 'yar takardar kariya tare da mara lafiya: alamomin da yake ji in abin zai taso, abin da ke kwantar masa da hankali, mutanen da zai kira, inda zai je. Sai bibiya, wadda littafin ya ce a yi ta akai-akai, kamar duk mako a wata biyun farko, daga baya a riƙa tazara. Aka sake jarrabawar ranar farko, aka ba mu kuɗin mota ta asusun banki bayan kwana tara, ba a hannu ba kamar yadda wasu suka zata har suka zo ba kuɗin komawa.

Satifiket ya ɗauki mako biyar. Ni na ɗauka zai tsaya mini a madadin MCPDP, kwas ɗin ƙarin ilimi na dole da ake nema wajen sabunta lasisin jinya, ashe ba haka ba ne, wannan bitar daban take, sai da na je na yi wancan. Ka tambayi masu shiryawa tun ranar rajista ko bitarsu na da makin da hukumar sana'arka ta amince da shi. A asibiti kuma aka ce in rubuta rahoto shafi ɗaya in kuma koyar da abokan aiki. Minti talatin aka ba ni bayan miƙa aikin safe, mutum tara suka zo. Ban yi jawabi ba, na sa su gwada tambayar baki da baki, kuma na ga irin rawar muryar da na yi.

Mako uku bayan nan wata mai jego ta zo, jaririnta wata uku, zuwanta na uku ke nan da ciwon kai da olsa. Uwar mijinta ce ke amsa duk tambayar da na yi. Na ce, "Hajiya, a ɗan ba mu wuri." Na hau tsanin nan a hankali, da na kai tambayar ƙarshe na rufe bakina. Ta daɗe tana gyara wa yaron hula, hular da ba abin da ya same ta. Can ta ce, "Sista, wa ya gaya miki?" Ta yi tunanin, kuma abin yana cikin gida. Na aika a kira likita ban tashi daga wurin ba. Da na tambaye ta wa ta yarda da shi, ta ce yayarta. Wajen turawa ne na gamu da abin da bita ba ta shirya ni a kansa ba. Ina ambatar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau uwar mijin ta miƙe, ta ce su ba su da mahaukaciya a gida. Asibitin na Dawanau aikinsa ke nan kuma akwai masana, amma sunan ya riga ya zama abin zolaya a bakin Kanawa. Likita ya rubuta takarda zuwa sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, tunda can kowa na zuwa da kowace irin cuta, ba mai sanin ƙofar da ka shiga. Na yi musu bayani da cewa damuwar bayan haihuwa ce, tana samun mata da yawa, tana da magani, kuma ba ta hana addu'a ko ruƙiyya. Yayar ce ta raka ta, ita ce kuma ta tabbatar mini an fitar da abin daga gidan a ranar.

Ga wanda zai je, ban da maganar takardu, ka karanta babin kafin ranar, kada ka ɓuya a bayan aji ranar gwaji, kuma kafin ka baro wurin ka karɓi lambar wani daga sashen ƙwaƙwalwa wanda zai ɗaga waya, ka san ranakun da suke ganin sababbin marasa lafiya, domin takardar turawa kaɗai ba ta kai mutum ko'ina. Ka nemi ɗan lungun da za ka yi magana da mutum a asibitinku, mu ɗakin ajiye kayan allura muke amfani da shi. Wajen bibiya kuma ka karɓi lamba biyu, ka tambaya wayar ta wace ce, don na taɓa kira miji ya ɗauka na rasa abin cewa. Ba wanda ya ware mana kuɗin kira, da katina nake yi.

Yanzu ina da ƙaramin littafi a aljihun rigar aiki, ba suna a ciki sai lambar kati da lambar waya, duk Alhamis bayan an tashi nake bin su ɗaya bayan ɗaya. Mutum shida ne a ciki. Mai jegon nan tana zuwa asibitinta, ta ce barci ya fara dawowa. Akwai wani saurayi ɗan kasuwa da wayarsa take kashe mako uku ke nan, lamba ɗaya na karɓa a wurinsa tun kafin in koyi karɓar biyu. Unguwarsu tana jikin katinsa, na yi magana da ma'aikacin lafiyar ƙaramin asibitin wajen, ranar Alhamis in Allah Ya kai mu tare za mu je.